FUSHI A WURIN WASA: Gargaɗi ga Sababbin Masu Bi da Masu Neman Sani

Ko kai sabon mai bi ne, ko kuwa kana cikin bincike ba ka tsai da shawara ba tukuna, ina roƙonka ka yi haƙuri ka karanta wannan 'yar takarda har ƙarshe. Zancen da ke cikinta ƙarami ne ga ido, amma ya raba abokai, ya zub da mutuncin samari, ya kuma sa an yi wa sunan Ubangiji dariya a bakin kasuwa.

Idan ka bi hanyar da ta taso daga Sakkwato, ka ratsa Aliero, ka iso Jega, ka miƙa kudu zuwa Maiyama, in da yamma ne za ka ga abin da kakanninmu ba su gani ba. A gindin itace, da ƙofar mai cajin waya, da bakin tasha, samari sun haɗa kai, kowa ya duƙufa bisa wayarsa. A dā dattawa su kan haƙa gurbi 30 a ƙasa su buga dara, kowa da 'ya'yansa 12, yara su yi langa, samari su yi kokawa a dandali bayan kaka. Amma tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, intanet kuma ya biyo baya, dandali ya koma cikin tafin hannu. Akwai wasan da a ke kira Free Fire, wanda ya fito a 2017, inda a kan zuba mutum 50 su yi ta yaƙi wajen minti 10. Akwai PUBG, wanda ya shigo waya a 2018, inda a kan sauke mutum 100 cikin tsibiri guda, su yi ta kashe juna har ya rage mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya. Akwai kuma na ƙwallon ƙafa, wanda a kan buga a waya ko a shagon gem. Abokin karawarka ya yiwu yana zaune kusa da kai, ya yiwu kuma yana Masar ko Indiya, ba ka taɓa ganin fuskarsa ba.

Tsaya kusa da su kaɗan ka saurara. Ba za ka daɗe ba sai ka ji tsaki, sa'an nan ashar, sa'an nan wani ya buga waya da ƙasa. To, ga tambayar da na ke so mu duba tare: me ya kamata mai bin Yesu ya yi da fushin da ke taso masa a wurin wasa?

ABIN DA YA SAME NI

Ba na yi maka magana kamar wanda ya fi ƙarfin jaraba. Wata ranar Asabar da dare na zauna buga ƙwallon waya da ƙanena, wanda ba mai bi ba ne. Ya cinye ni sau biyu. A karo na uku ina gaba da ci ɗaya, sai sabis ya tsaya, 'yan wasana suka ƙame kamar gumaka, kafin ya dawo ya zura mini biyu. Ya yi dariya. Ni kuwa sai na ji zafi ya taso mini daga ciki har wuya, na faɗa masa wata magana wadda ba zan rubuta ta a nan ba, a gaban abokansa. Bai rama ba. Ya dube ni ya ce, "Yaya, ashe haka Malamin naku ya koya muku?" Ya tashi ya tafi.

Gari na wayewa Lahadi ce, ni ne kuwa zan koyar da masu shirin baftisma. Daren nan ban runtsa ba. Shekara da shekaru ina yi wa yaron nan addu'a, ina lallashinsa, ga shi na rushe da baki cikin daƙiƙa guda, a kan ƙwallon da ko fatar babu. Daga wannan dare ne na soma tunanin abin da na ke rubuta maka yanzu.

WASA ZUNUBI NE?

Waɗansu za su ce maganin ke nan a hana wasa ɗungum. Ni ban ga haka cikin Littafi Mai Tsarki ba. Kusa da birnin Korinti a kan yi babbar gasar tsere da dambe da kokawa kowace shekara biyu, wanda ya ci a naɗa masa rawanin ganye. Manzo Bulus ya san wannan gasa. Sa'ad da ya rubuta wa Korintiyawa wasiƙarsa ta fari, cikin sura 9, bai la'anci masu tsere ba. Ya ɗauke su abin misali, ya nuna yadda su ke horon jikinsu, suna kame kansu cikin kowane abu, domin ganyen da zai bushe. Allah ne ya halicci dariya da hutawa da zumunci. Wanda ya wuni yana ban ruwa a fadama, ko ɗalibin jami'ar Aliero da ya wuni cikin littattafai, ba laifi ya sarara da abokansa. Laifin yana soma ne sa'ad da wasa ya hau kanka, ya zama shi ke riƙe da linzami.

"AI WASA NE KAWAI"

Wannan ita ce hujjar da a ka fi kawowa. Su kan ce, sojan da na harbe ba mutum ba ne, zai tashi a zagaye na gaba. Zagin ma na wasa ne. Rabin maganar gaskiya ce. Sojan hoto ne, bindigar hoto ce, tsibirin ma babu shi ko'ina a duniya. Amma zuciyar da ta tafasa taka ce ta gaske. Harshen da ya yi ashar, shi ne wanda za ka yi addu'a da shi kafin ka kwanta. Wanda ya ji zagin kuwa ɗan Adam ne da Allah ya halitta cikin kamanninsa, yana da uwa kamar yadda ka ke da ita, ko da yana ƙasar da ba ka san sunanta ba.

Ka ji abin da ya faru a Amurka. A watan Disamba na 2017, samari biyu suka yi gardama a kan wasan Call of Duty, kuɗin da a ka sa kuwa dala ɗaya da rabi ne. Ɗayansu ya nemo wani a birnin Los Angeles ya buga wa 'yan sanda wayar ƙarya, cewa an yi kisa an kuma tsare mutane a wani gida a birnin Wichita, cikin jihar Kansas. Ashe adireshin ba inda abokin gardamar ya ke zaune ba ne. 'Yan sanda suka kewaye gidan, wani magidanci mai shekara 28, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ya buɗe ƙofa ya ga ko mene ne, a ka harbe shi ya mutu. A 2019 a ka ɗaure mai buga wayar shekara 20. Wasan hoto ne, amma kabarin na gaske ne.

Kada ka ce wannan can nesa ne. Cikin Bishara ta hannun Matta, sura 5, Ubangiji Yesu ya ɗauki dokar da ta hana kisankai, ya bi ta har saiwarta, ya sa fushi da ɗan'uwa da zagin raini a ƙarƙashinta. Itace ɗaya ne. Wani ya tsaya a tsiro, wani ya kai ga 'ya'ya.

DALILIN DA WASANNIN NAN KE TA DA ZUCIYA

Ya kyautu ka san yadda tarkon ya ke, gama tsuntsun da ya ga zarge ba ya saurin faɗawa.

Na fari, an shirya su ne a kan a yi ta cinye ka. Inda mutum 100 suka shiga kowa don kansa, lalle 99 za su fāɗi. A wasan da a ke ba da matsayi kuwa, na'ura ta kan haɗa ka da sa'o'inka. In ka yi ta ci, sai ta kawo maka waɗanda suka fi ƙarfi. Wanda ya zauna da nufin kada a cinye shi ko sau ɗaya, ya ɗaura wa kansa baƙin ciki tun kafin a fara.

Na biyu, akwai abin da ba ya hannunka. Duk lokacin da ka danna, saƙon ya kan tafi wata babbar na'ura mai nisa, sau da yawa a wata ƙasa, sa'an nan ya komo. Wanda ke kusa da ita ya riga ka ko da kun danna tare. Ga sabis mai yankewa, ga data mai ƙarewa, ga batir, ga wutar lantarki da ba ta da alkawari. Mutum ya kan ji an zalunce shi, ya rasa wanda zai kama, sai ya huce a kan na kusa.

Na uku, ba ka ganin fuskar abokin karawarka. A dandalin kokawa, wanda ka kayar yana gabanka, danginsa na kallo, kunya ta kan riƙe baki. A waya kuwa kowa ya ɓuya bayan sunan aro, sai ya faɗi abin da ba zai iya faɗa ido da ido ba.

Na huɗu, jikinka bai san wasa ba ne. Sa'ad da ka ga an tasam maka, wani ruwa da likitoci ke kira adirenalin ya kan fito daga ƙulli biyu da ke bisa ƙoda ya shiga jini. Zuciya ta yi ta bugawa da sauri, numfashi ya gajarta, hannu ya yi rawa, kamar wanda ya gamu da kura a daji. Wannan ba ya kwantawa nan take. Mai fushi kuwa ba ya wasa da lura, sai a sake cinye shi, fushi ya ƙaru, ya ce sai ya rama. Haka a kan kai asuba.

SAIWAR TANA CIKIN ZUCIYA

Duk da haka, kada mu ɗora wa waya laifin duka. Guga ba ya fito da abin da babu shi cikin rijiya. Wasa ya jawo shi waje ne kurum. In ka bincika da gaskiya, za ka tarar abin da ke ƙarƙashin fushin nan girman kai ne: an ga kasawata, an yi mini dariya, wani ya fi ni.

Ka karanta Farawa sura 4. Kayinu da Habila suka kawo baiko, a ka karɓi na ƙanen, ba a karɓi na wan ba. Kayinu ya husata, ya ɓata fuska. Lura fa, Allah bai bar shi haka ba. Ya yi masa magana tun bai aikata kome ba, ya kwatanta masa zunubi da dabbar da ke fako a bakin ƙofa, ya ce masa shi ne ya kamata ya rinjaye ta. Akwai rata tsakanin tasowar fushi da aikata shi, cikin ratar nan kuwa Allah yana magana. Kayinu bai saurara ba. Kisan farko a duniya, wanda a ka fi ne ya yi shi, ga ɗan'uwansa.

Ka kuma duba annabi Yunana, sura 4. Allah ya tsirar masa da wani tsiro ya yi masa inuwa, kashegari tsutsa ta cinye shi. Yunana ya yi fushi har ya roƙi mutuwa. Allah ya tuna masa cewa bai shuka tsiron ba, bai yi wahalarsa ba, kwana ɗaya ne ransa; ga kuwa birnin Nineba da mutum fiye da 120,000, waɗanda Yunana bai ji tausayinsu ba. Ɗan'uwana, matsayinka a wasa tsiron Yunana ne. Ran da kamfanin ya rufe wasan, ko a ka sace wayarka, ina ya ke? Ƙanenka da ka zaga saboda shi fa, ransa na har abada ne.

AKWAI FUSHIN DA YA DACE?

Mai lura zai ce, ai Yesu ma ya yi fushi. Gaskiya ne. Markus sura 3 ta nuna ya dubi waɗansu da fushi, domin taurin zuciyarsu ga mai shanyayyen hannu. Ya kuma kori masu ciniki daga Haikali. Amma dubi dalili: domin darajar Ubansa ne, da domin marasa ƙarfi. Sa'ad da abin ya zo kansa, a ka tofa masa yau, a ka mare shi, a ka yi masa ba'a a kan gicciye, bai rama da ko kalma ɗaya ba, sai ma ya roƙa musu gafara. Ga ma'auni ke nan. Tambayi kanka: domin wa na ke fushi? In wani yana cin zalin ƙaramin yaro a shagon gem, ka tsawata masa da natsuwa, ka yi daidai. In kuwa don an zura maka ƙwallo ne, kada ka lulluɓe shi da rigar adalci.

Ban ce kuma ka haɗiye fushi kana murmushin ƙarya ba. Mutanen Aliero sun san albasa: in guda ta ruɓe cikin ma'aji ba a tsame ta ba, sai ta ɓata na kusa da ita. Riƙo haka ya ke. Shi ya sa Bulus, cikin Afisawa sura 4, ya yanka wa fushi wa'adi, watau faɗuwar rana. Fitar da shi a gaban Allah, sa'an nan ka shirya da mutum.

IDANU SUNA KANKA

Kai da ka shigo bangaskiya kwanan nan, ka sani mu kaɗan ne a wannan yanki. Danginmu da maƙwabtanmu, waɗanda yawancinsu Musulmi ne, sun san darajar haƙuri, suna kuma girmama mai danne zuciya. Da yawa ba za su taɓa shiga majami'armu ba, ba za su buɗe Littafinmu ba. Kai su ke karantawa. Suna so su ga ko wannan hanya ta gyara ka ko ta lalata ka. In wanda ya kan fasa waya jiya, yau an cinye shi ya miƙa hannu ya ce, "Ka yi ƙoƙari," wannan ta fi wa'azi goma. In kuwa bakinka bai sake ba, me za ka ce musu ka samu?

ABIN DA ZA KA YI

1. Kafin ka fara, ka yanka wa kanka iyaka: zagaye nawa, ko zuwa ƙarfe nawa. Ka faɗa wa abokinka domin ya zama shaida.

2. Ka san alamunka. Da ka ji wuya ya yi zafi, haƙora sun ciji juna, to dabbar ta iso ƙofa. Rufe baki tukuna. Magana zarar bunu ce.

3. In an cinye ka sau biyu a jere kana jin zafi, ajiye wayar. Tashi ka sha ruwa, ka taka ƙafa, ka ba jini lokaci ya kwanta. Kada ka shiga sabon zagaye domin ramuwa.

4. In wani yana zaginka ta cikin wasa, toshe muryarsa. Yawancin wasannin suna da wurin yin haka. Ba tsoro ba ne. Wuta ba ta ci in ba a ƙara mata itace ba.

5. Kada ka sa kuɗi ko na sisin kwabo. Da kuɗi ya shiga, wasa ya zama caca, abokin wasa ya zama abokin gāba.

6. Kada ka yi wasa da yunwa, ko da gajiya, ko cikin tsakar dare, ko da kuɗin cefane. Kada ya ci maka lokacin addu'a, ko gona, ko karatu, ko kiran iyaye.

7. In kai ne ka ci, kada ka yi gori. Mai tsokana yana da rabo cikin zunubin wanda ya tsokana.

8. Ka yaba wa wanda ya fi ka, da bakinka, a gaban mutane. Da fari zai yi ɗaci kamar maɗaci, amma babu abin da ke karya girman kai kamarsa.

Akwai kuma wanda ya kamata ya bari gaba ɗaya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan gem cikin jerin cututtuka. Alamunta su ne mutum ya kasa tsai da kansa, ya fifita wasa bisa sauran al'amuran ransa, ya ci gaba ko da ya ga ɓarnar da ya ke jawo masa, har abin ya kai kamar wata 12. Kaɗan ne cikin masu wasa ke kaiwa nan. Amma in ka ga kanka a ciki, ko kuwa ka gwada matakan nan duka fushi bai bar ka ba, goge wasan daga wayarka, ka faɗa wa fasto ko wani dattijon ikilisiya, ka nemi likita in ta kama. Ubangiji ya koya mana gara a rabu da abu mai daraja kamar hannun dama da a bar shi ya ja mutum ga hallaka. Balle wasa.

IN KA RIGA KA FĀƊI

Kada ka ɗauka dabarun nan su ne ceto. Shinge ne kurum. Kamewa, bisa ga Galatiyawa sura 5, 'ya'yan Ruhu Mai Tsarki ce, ba ta tsirowa da ƙoƙarin mutum kaɗai. Roƙonta a ke yi kowace safiya. Musa, wanda a ka shaida tawali'unsa, ya husata ya bugi dutse sau biyu, ya rasa shiga ƙasar alkawari. Ka karanta cikin Littafin Lissafi, wanda waɗansu bugu ke kira Ƙidaya, sura 20. In Musa ya yi tuntuɓe, wane ni, wane kai? Amma Bitrus, wanda ya zare takobi cikin lambu, ya kuma yi rantsuwa yana musun Ubangijinsa a dare ɗaya, an gafarta masa, an danƙa masa kiwon tumaki. Jinin Yesu ya isa ga mai saurin fushi.

Sai dai gafarar Allah ba ta ɗauke maka zuwa wurin wanda ka ɓata wa ba. Cikin wannan sura ta 5 ta Matta, Yesu ya umarta a bar baiko a gaban bagadi, a je a shirya da ɗan'uwa tukuna. Ran Lahadin nan da na ba ka labari, kafin in tafi majami'a na je ɗakin ƙanena, na kira abokansa biyu da suka ji zagin, na roƙe shi gafara a gabansu. Ya ce ba kome. Amma ya yi watanni kafin ya sake sakin jiki da ni, har yau kuwa bai ba da gaskiya ba. Ina nan ina yi masa addu'a. Daga nesa a kan kawo masu karaya wurin masu ɗori na Aliero, kowa kuwa ya san ƙashi kan karye cikin ƙiftawar ido, amma ɗori sai an yi jinya da haƙuri. In an yi jinkirin kai shi, sai ya haɗe a karkace. Kada ka kwana.

Yanzu fa, ya mai karatu, akwai wanda ka zaga a wurin wasa ba ka nemi gafararsa ba? Ajiye wannan takarda ka tafi wurinsa yau. Kafin ka tashi, in ka yarda, yi wannan addu'a tare da ni:

Ya Ubangiji Yesu, kai da a ka zage ka ba ka rama ba, ka ga zuciyata da saurin tafasarta. Ka gafarta mini maganganun da na faɗa cikin fushi. Ka sa mai tsaro a bakina. Ka koya mini in ci ba tare da fahariya ba, in fāɗi ba tare da ɗaci ba, domin kada sunanka ya sha zargi ta dalilina. Amin.